Tambaya da Amsa: Sojan Kanada da aka harbe saura minti biyu a tsagaita wuta

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makarantar sakandare ne, ina zaune a unguwar Gwammaja a nan birnin Kano. Ƙanena yana karatu a garin Regina na ƙasar Kanada, kuma a watan Nuwamban da ya wuce ya turo mini hotonsa da wani ɗan jan fure maƙale a ƙirjin rigarsa, ya ce haka mutanen can suke yi duk shekara don tunawa da sojojinsu. Ya ƙara da cewa an ba su labarin wani saurayi da ya tashi daga yankin da yake zaune, wanda aka kashe saura minti biyu Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare. Shin labarin nan gaskiya ne, ko irin ƙarin gishirin da akan yi wa labarin yaƙi ne? In gaskiya ne, me ya sa ake ci gaba da harbi bayan an riga an sa hannu a takardar sulhu? Abin ya tsaya mini a rai ne saboda a gidanmu akwai wata tsohuwar adaka da ke ɗauke da lambobin yabo guda biyu na kakan mahaifinmu, wanda aka ce ya yi wa Bature yaƙin Jamus ya dawo, amma ƙaninsa da ya bi rundunar yana ɗaukar kaya bai dawo ba, kuma har yau babu wanda ya san inda aka binne shi.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Labarin gaskiya ne, kuma yana cikin labaran yaƙin da aka fi tabbatarwa, domin an san sunan mutumin, da lambarsa ta soja, da ƙauyen da ya faɗi, da kabarin da yake kwance a ciki. Sunansa George Lawrence Price, muƙaminsa farabiti, lambarsa 256265, a kamfanin A na Bataliya ta 28 ta rundunar Kanada. Ya mutu ranar Litinin 11 ga Nuwamba 1918, wadda ta faɗo cikin watan Safar na 1337, da ƙarfe 10:58 na safe, a ƙauyen Ville-sur-Haine da ke ƙasar Beljiyam. An tsagaita wuta da ƙarfe 11:00. Shekarunsa 25, saura wata guda da 'yan kwanaki ya cika 26, kuma shi ake lissafawa a matsayin soja na ƙarshe da aka kashe a fagen daga na Turai cikin dukan rundunonin daular Birtaniya.

An haife shi ranar 15 ga Disamba 1892 a Falmouth, cikin lardin Nova Scotia da ke bakin teku ta gabashin Kanada, ya kuma girma a Port Williams. Da ya zama saurayi sai ya yi yamma neman aiki, kamar yadda samarin ƙauyukanmu ke fita ci-rani, har ya zauna a garin Moose Jaw na lardin Saskatchewan. Regina da ƙanenka yake ita ce hedikwatar wannan lardi, kuma tsakaninta da Moose Jaw bai kai tafiyar awa guda a mota ba, shi ya sa mutanen wurin suke ɗaukarsa nasu.

Price bai kai kansa soja ba, ɗaukarsa aka yi. Kanada ta shiga yaƙin ne ranar 4 ga Agusta 1914 ba tare da majalisarta ta yanke shawarar shiga ba, domin a wancan zamani in Ingila ta ɗaura yaƙi to duk ƙasashen da ke ƙarƙashin sarautarta sun ɗaura, kuma ta wannan ƙofar ce Nijeriya ma ta tsinci kanta a ciki, wata bakwai bayan an haɗe Arewa da Kudu. A shekarun farko samarin Kanada sun yi ta tururuwa da ƙafarsu suna ba da sunayensu. Amma da gawarwaki suka yi yawa, musamman bayan gumurzun tudun Vimy da ke Faransa na watan Afrilu 1917 inda Kanada ta rasa mutum 3,598 cikin kwana huɗu, sai masu zuwa don raɗin kansu suka ragu ƙwarai. Firayim Minista Robert Borden ya kawo dokar ɗaukar soja ta tilas, aka zartar da ita a watan Agusta 1917. Dokar ta raba kan ƙasar, domin masu jin Faransanci na lardin Kwebek sun ƙi ta ƙememe, har aka yi tarzoma a birnin Kwebek lokacin bikin Ista na 1918, sojoji suka buɗe wuta mutum huɗu suka mutu. A ƙarƙashin wannan doka aka kira Price a ƙarshen 1917. Ya isa Ingila a farkon 1918, ya tsallaka Faransa ya haɗu da bataliyarsa wajen tsakiyar shekarar, wato duka zamansa a bakin daga bai wuce 'yan watanni ba.

Sai dai watannin nan su ne mafi tsanani da rundunar Kanada ta gani. Daga 8 ga Agusta 1918, ranar da aka afka wa Jamusawa a Amiens ta Faransa, har zuwa ƙarshen yaƙin, rundunar tana kan gaba wajen kora su gabas, abin da masu tarihi suke kira Kwana Ɗari na ƙarshe, kuma a cikinsu sojan Kanada fiye da 45,000 ne aka kashe ko aka raunata ko suka ɓace. A watan Satumba Price ya shaƙi iskar gas mai guba a kusa da mashigin ruwan da ake kira Canal du Nord, aka kwantar da shi, ya sami sauƙi, aka mayar da shi bataliyarsa kafin watan ya ƙare. Duk sa'ad da na zo kan wannan gaɓa nakan yi shiru, domin da ciwon ya ɗan ƙara tsanani, da sulhu ya riske shi a gadon asibiti. Kwana ne ya ƙare.

Batun ci gaba da harbi bayan sa hannu, shi ne ya fi buƙatar bayani. Wakilan Jamus, ƙarƙashin wani ɗan siyasa mai suna Matthias Erzberger, sun gana da babban kwamandan rundunonin ƙawance, Marshal Ferdinand Foch na Faransa, a cikin taragon jirgin ƙasa a dajin Compiègne tun ranar 8 ga Nuwamba. Sun roƙi a dakatar da wuta nan take yayin da ake tattaunawa, Foch ya ƙi, saboda yana ganin in aka ba su sarari za su huta su sake jan daga a bayan wani kogi, su kuma sami bakin ciniki a kan sharuɗɗa. Ranar 9 ga wata aka sanar da saukar Sarkin Jamus, Wilhelm na Biyu, daga gadon mulki. Aka sa hannu ranar 11 ga wata, jim kaɗan bayan ƙarfe 5 na asuba, amma aka rubuta cewa yarjejeniyar za ta fara aiki ne da ƙarfe 11, wato bayan kusan awa shida. Hujjar da aka bayar ita ce a sami lokacin isar da saƙo ga miliyoyin sojoji da ke warwatse a fagen daga mai tsawon ɗaruruwan kilomita, a zamanin da saƙo ke tafiya ta wayar tangaraho da ta tarho da kan babur, wani wurin ma sai an tashi ɗan aike ya ruga da ƙafa. Wannan hujja tana da ƙamshin gaskiya. Aibin shi ne ba a ba da umarni guda bayyananne na cewa kowa ya tsaya inda saƙon ya same shi ba, sai aka bar wa kowane kwamanda ya yi abin da ya ga ya dace. Waɗansu suka tsayar da mutanensu, waɗansu suka ci gaba da kutsawa don su kama wani gari ko wata gada kafin agogo ya buga, masu igwa kuma suka yi ta zazzage harsasan da suka rage musu. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa fiye da mutum 2,700 ne suka mutu a wannan safiya daga dukan ɓangarori. Wani Bafaranshe, Augustin Trébuchon, an harbe shi da ƙarfe 11 saura kwata yana ɗauke da saƙo, kuma a kabarinsa an rubuta 10 ga Nuwamba maimakon 11. Wani Ba'amurke, Henry Gunther, ya faɗi da ƙarfe 10:59, minti ɗaya bayan Price.

Su kuwa sojojin Kanada, garin Mons na Beljiyam suka tunkara, kuma garin yana da nauyi a zuciyar Turawan Ingila, domin a nan ne sojojinsu suka fara karawa da Jamusawa ranar 23 ga Agusta 1914, aka kora su suka yi ta ja da baya. Rundunar Kanada ta shiga Mons cikin duhun daren da ya wayi garin 11 ga Nuwamba. Bataliya ta 28 ta bi ta kudancin garin ta yi gabas, ta isa ƙauyen Havré, a bakin wani mashigin ruwa da aka haƙa don jiragen dakon kaya, mai suna Canal du Centre. A tsallaken ruwan, jerin gidajen bulo na Ville-sur-Haine suna fuskantar su, kuma daga cikin gidajen nan ne aka riƙa yi musu ruwan harsashi da mashinga. Ta bakin abokinsa Art Goodmurphy, wanda yake tare da shi ya kuma ba da labarin bayan shekaru, Price ya ga cewa mutanensu suna fili ne a bakin ruwa, duk wanda ke saman gidajen nan yana kallonsu kamar a tafin hannu. Sai su 'yan ƙalilan suka tsallaka gada don su bincika. Suka shiga gida, suka tarar da iyalin gidan kawai, Jamusawan sun sulale ta ƙofar baya. Da Price ya sake fitowa bakin titi, wani maharbi da ke laɓe daga nesa ya same shi a ƙirji. Aka ja shi cikin gida, wata budurwa 'yar ƙauyen ta ratso titin a guje don ta taimaka masa, amma rai ya yi halinsa. Ruwayoyi sun sha bamban a kan ko shi da abokansa sun riga sun ji cewa za a tsagaita wuta da ƙarfe 11, ko da yake saƙon ya isa hedikwatar rundunar Kanada tun da sanyin safiya.

Ka lura, Malam, ba neman suna ne ya fitar da shi ba. Mutum ne da aka ɗauko daga wajen neman abincinsa ba da son ransa ba, wanda ya riga ya ɗanɗana guba a huhunsa, amma da ya ga 'yan'uwansa a cikin haɗari sai ya tafi ya duba. A ganina laifin mutuwarsa ba ya kan wanda ya tsallaka gadar, yana kan manyan da suka san tun asuba cewa magana ta ƙare, suka bar matasa a tsaye gaban bakin bindiga har hantsi.

Mutanen Kanada ma sun yi wannan gardama, kuma har kotu ta kai su. A 1927 wata ƙaramar jarida ta garin Port Hope ta rubuta cewa kwamandan rundunar Kanada, Janar Arthur Currie, ya salwantar da rayuka a banza wajen kama Mons don kawai a yabe shi. Currie ya kai ƙarar ɓata suna yana neman diyyar dala 50,000. Aka yi shari'ar a garin Cobourg a 1928, tsofaffin sojoji suka yi ta ba da shaida, Currie ya kare kansa da cewa umarnin na sama da shi ya bi na ci gaba da matsa wa abokan gaba lamba. Masu taya alƙali yanke hukunci sun ba shi gaskiya, amma dala 500 kawai suka yanka masa, kuma shari'ar ta taɓa lafiyarsa ƙwarai.

Da farko an binne Price a maƙabartar Havré, daga baya aka mayar da shi maƙabartar soja ta Saint-Symphorien, kusa da Mons. Jamusawa ne suka kafa wannan maƙabarta tun lokacin yaƙin, a filin da wani ɗan ƙasar ya bayar bisa sharaɗin a binne mamatan ɓangarorin biyu da mutunci iri ɗaya, kuma a yau akwai kaburbura fiye da 500 a cikinta, na Jamusawa da na abokan gabarsu. A nan ne kabarin John Parr yake, yaro ɗan shekara 17 da aka kashe ranar 21 ga Agusta 1914, wanda ake ɗauka shi ne sojan Ingila na farko da ya mutu a fagen Turai, kuma daura da shi, taku kaɗan, ga kabarin George Ellison, sojan Ingila na ƙarshe, da aka kashe awa ɗaya da rabi kafin tsagaita wuta. Dutsen kabarin Price fari ne, tsayinsa da faɗinsa daidai da na kowane soja, an zana ganyen bishiyar da ke jikin tutar Kanada ta yau a samansa, sai lambarsa da muƙaminsa da sunansa da ranar mutuwarsa. A 1968, shekara hamsin cif bayan abin, abokan aikinsa da suka tsufa sun koma ƙauyen sun kafa allon tunawa da shi, a 1991 kuma aka raɗa wa wata gadar masu tafiya a ƙasa da ke kan mashigin sunansa. Jan furen da ka gani a rigar ƙanenka kwaikwayon wani fure ne da ke tsirowa a gonakin Faransa da Beljiyam inda igwa ta tone ƙasa, kuma wata waƙa da likitan sojan Kanada John McCrae ya rubuta a 1915 ce ta sa aka ɗauke shi alamar tunawa. Kanada, mai mutum kusan miliyan takwas a lokacin, ta rasa fiye da 60,000 a yaƙin. Mu ma a da ranar 11 ga Nuwamba muke tunawa da 'yan mazan jiya, kafin a mayar da ranar 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970.

Ƙarshen wasiƙarka shi ya fi taɓa ni, domin kakanninka biyu yaƙi guda suka yi da Price, ƙarƙashin sarki guda. A zamanin Sarkin Kano Abbas ne, jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Kano ba, kuma ƙasar ba ta gama farfaɗowa daga yunwar 1913 zuwa 1914 ba. Sojojin Rejimantin Nijeriya, waɗanda da Hausa ake ba su umarni a bariki, sun yaƙi Jamusawa a Kamaru, inda Garwa ta faɗi a watan Yuni 1915, dutsen Mora kuma ya miƙa wuya a watan Fabrairu 1916. Daga nan aka ɗebe su a jirgin ruwa zuwa Gabashin Afirka, ƙasar da ake kira Tanzaniya a yau, suka sha yunwa da zazzaɓi a bakin kogin Rufiji, suka yi asara mai yawa a gumurzun Mahiwa cikin Oktoba 1917. Cari Maigumeri, wanda barikin soja na Lokoja ke ɗauke da sunansa, ya fara ne a rundunar Jamus, aka kama shi a Garwa, daga baya ya shiga rundunar Nijeriya. A can Afirka ma ƙarfe 11 na ranar Litinin ɗin bai tsayar da komai ba, domin kwamandan Jamus, Paul von Lettow-Vorbeck, bai ji labarin sulhu ba sai bayan 'yan kwanaki, kuma bai ajiye makamai ba sai 25 ga Nuwamba, a garin Abercorn da ake kira Mbala a ƙasar Zambiya ta yanzu.

Bambancin yana wajen rubutu. An san mintin da Price ya mutu, kuma Kanada ta ɗora takardun aikin sojojinta na wancan yaƙi, fiye da 600,000, a intanet, ta yadda kai ma daga Gwammaja za ka iya buɗe fayil ɗinsa ka ga sa hannunsa. 'Yan dako irin ƙanin kakan mahaifinka, waɗanda suka ɗauki harsashi da abinci a ka suka ratsa daji, cuta da yunwa sun kashe su fiye da yadda bindiga ta kashe, kuma da yawansu ko sunansu ba a rubuta ba. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwel, wadda aka kafa a 1917 bisa ƙa'idar cewa janar da farabiti dutse iri ɗaya za a kafa musu, ta amsa da bakinta a wani rahoto na watan Afrilu 2021 cewa ba ta yi wa mamatan Afirka da Asiya wannan adalci ba. Rahoton ya ce aƙalla mutum 116,000, mai yiwuwa har 350,000, akasarinsu na Gabashin Afirka da Masar, ba a tuna da su da sunayensu ba, ko ma ba a tuna da su ba sam, kuma ya danganta abin da wariyar launin fata ta zamanin mulkin mallaka. Gwamnatin Birtaniya ta nemi afuwa a majalisa. Ina ganin neman afuwar ya dace, amma ya zo ne bayan waɗanda za su iya cewa "wane ɗan wane ne, daga gari kaza" sun riga sun kwanta dama.

Duk da haka, kada ka raina abin da ke cikin adakar nan. Ka fito da lambobin, ka goge su da tsumma mai laushi kawai, kada ka sa musu toka ko lemon tsami, sannan ka duba gefensu, wato kaurin da ke zagaye da su kamar na kwabo. Lambobin yabo na Yaƙin Duniya na Ɗaya da Ingila ta raba an buga musu lambar soja da muƙaminsa da sunansa da rundunarsa a wannan gefe, saɓanin na yaƙin Bama da yawanci aka raba su ba suna. In ka sami rubutu, ka kwafe shi harafi da harafi, ko da rubutun sunan ya yi maka banbaraƙwai, domin yadda kunnen Bature ya ji haka ya rubuta, kuma sau da yawa sunan gari ake liƙa wa soja a madadin sunan mahaifi, a ce wane Kano ko wane Katsina. Da wannan lamba za ka iya neman katinsa a ma'ajiyar tarihi ta Birtaniya da ke unguwar Kew a Landan, wadda ake bincika jerin katunanta ta intanet. Shi kuwa wanda bai dawo ba, ka gwada sunansa ta fuskoki daban-daban a shafin hukumar kaburburan, ka kuma leƙa ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, inda takardun lardin Kano na wancan zamani suke. Kafin duk wannan, ka zauna da mafi tsufa a danginku, musamman mata, ka ɗauki muryarsu a waya, ka tambaye su sunansa na yanka da laƙabinsa, da wanda ya zo ɗaukarsa, dagaci ne ko hakimi, da kuma lokacin da ya fita, da damina ne ko da kaka. In ka sami rubutun gefen lambobin, ka aiko mana da shi, za mu taya ka karanta shi a wannan fili.